Motar Ƙanin Mijina a Kan Bulo

A duk lungunmu na Nima wuri ɗaya ne shimfiɗaɗɗe mai siminti, wato ƙofar gidan surukaina, kuma ni na sa aka zuba simintin. A nan teburina yake. Shinkafa da wake nake sayarwa, waakye dai, da shito, soyayyen yajin nan, da taliya da ganda, kuma direbobin trotro, motocin hayar cikin gari, ba sa fita aiki sai sun biyo ta wajena.

Wata Asabar na fito da tukunya a ka, sai na tarar da a-kori-kurar ƙanin mijina, wadda mu muke ce wa pikop, zaune daram a wurin teburina. Ya cire tayoyin baya, ya ɗora ta a kan bulo, ƙafafunsa kawai ke leƙowa daga ƙasa. Wai shokozoba zai canja, ƙarfen nan da ke hana mota tsalle a rami. Ya ce kafin hantsi ya gama. Na ce ya kai wa fita mana, wato makanikai, ga su nan reras a bakin titi. Ya ce fita ɓarayi ne, shi da idonsa ya ga yadda ake gyaran a waya.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ƙanin miji abokin wasa ne. Tun ranar da aka kawo ni gidan yake ce mini matarsa, ni kuma ina ce masa ragon miji. Saboda haka duk abin da na faɗa masa, dariya ake yi.

Notin ƙasa ya yi tsatsa, ya ƙi motsi. Ya zuba masa mai, ya buga da guduma, ya sa wa sifana bututu ya hau da ƙafa, har kan notin ya cinye ya zama sumul. Da ƙyar aka yanke shi. Ya tafi Abosokai, kasuwar kayan mota, ya sayo shokozoba na hannu, ya dawo ya tarar na gaba aka ba shi, ba na baya ba. Ya koma, mai shagon ya yi tafiya. Hantsin nan dai har aka yi Juma'a biyu bai yi ba.

Ni kuwa na ja teburina can bakin kwata, don nan kaɗai ya rage. Wa zai ci abinci a bakin kwatar Nima? Ƙuda, wari, ga baƙin mai yana gangarowa har ƙarƙashin bencina. Wata mata ta kafa nata teburin kusa da tasha, direbobina suka fara tsayawa can. Kullum sai in koma ciki da rabin tukunya.

Na zage shi, wallahi na zage shi. Na ce masa mugu, marar tausayi, mai hannu kamar na kuturu. Na ce abincin 'ya'yana yake kashewa. Ya leƙo daga ƙarƙashin mota, fuska duk baƙi, ya ce wa masu wucewa su ji yadda matarsa ke kewarsa. Lungu ya ɗauki dariya. Na kai ƙara wajen mijina, ya ce shi ba ya shiga tsakanin miji da mata. Surukata ta ce ai mu biyun nan ranar da ba mu yi ba, sai dai in wani ba shi da lafiya. Ina magana hawaye na zuba, ita tana murmushi. Ban taɓa jin na tsani mutum kamar yadda na tsane shi a kwanakin nan ba.

Abin da ya ƙarasa ni, wani tsohon direba ne da ya fi kowa daɗewa yana cin abincina. Ya zo wucewa da ƙunshin waakyen matar tasha a ganye a hannu, ya gan ni, ya ɓoye shi a bayansa, ya gaishe ni yana kallon ƙasa.

Ranar da motar ta sauka daga bulo, ƙanin mijina ya hau bayanta yana tsalle don kowa ya ga ta daina rawa. Mutanen gida duk suna waje. Ya hango ni.

"Matata, zo in kai ki bakin teku ki sha iska."

Na ajiye ludayi, na goge hannu, na gyara mayafi. Na je gabansa na durƙusa har ƙasa, kamar yadda nake yi wa surukina.

"Ina kwananku, Malam. Kun tashi lafiya? Allah ya sanya alheri a motar."

Ya fara dariya, ya duba fuskata, dariyar ta tsaya. Ya sauko a hankali. Ya ce haba, matar Yaya, me ya yi zafi haka. Na ce babu komai, Malam, na tashi na mayar da teburina wurinsa. Surukata ta kira ni ɗaki ta ce in rufa mata asiri, wannan gaisuwa ta fi zagi. Na ce ai ladabi na yi.

Wasu direbobin sun dawo, da yawa ba su dawo ba. Ƙanin mijina kuma ya aiko matarsa ta aure, ya aiko limamin lungu, ya zo da kansa ya tsaya a bakin teburina yana jan tsokana ko zan tanka. Har yau duk safiya sai na durƙusa na gaishe shi, shi kuwa yakan kawar da kai ya amsa a ciki.