Abin da Inna Take So

A aji biyu na karatun Faransanci a Birnin Kebbi na haɗu da abin da ya kusa kore ni daga makaranta. Sunansa subjonctif. Malamarmu, wata doguwar mata da ta taso a bakin iyaka, ta ce salo ne na faɗin abin da bai riga ya faru ba: abin da kake so, ko kake tsoro, ko kake roƙo. In ka ce "ina so ka zo", to a Faransanci wannan "zo" ɗin sai ya sake riga. Na haddace jadawalin kamar karatun allo, amma da an ce in buɗe baki sai rigunan su cakuɗe mini. Ni kuwa ba na son a yi mini dariya, har na fara tsanar ranar Talata, ranar darasinta.

Da malama ta gaji da mu sai ta ce jimlolin littafi ba za su zauna a kanmu ba, tunda ba namu ba ne. Kowa ya je gida ya tambayi mahaifiyarsa abin da take so gare shi, ya dawo ya faɗa wa aji da Faransanci. 'Yan aji suka yi ta murna, wai aiki ya zo da sauƙi. Ban da ni.

Ni 'yar fari ce. Tun da aka yaye ni aka kawo ni hannun Goggo, yayar mahaifina, a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, Inna kuma tana Argungu. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In na je hutu ba ta kallona ido cikin ido, in za ta ba ni abinci sai ta ajiye kwano ta ce, "A ɗauka." Haka ake yi a gidanmu, haka aka yi mata ita ma. Na san kunya ce, ba ƙi ba, amma sanin bai taɓa hana abin yi mini ciwo ba.

Na nemi Goggo ta fanshe ni. Ta yi dariya har da buga cinya.

"Ni na haihe ki? Malama uwa ta ce. Tahi Argungu ki tambayi mai abu."

Ranar Juma'a na shiga mota. Na tarar da Inna a tsakar gida tana turara shinkafa, ita da maƙwabciyarmu da muke kira Baba, wadda suke aikin tare suna kaiwa kasuwa. Tururi ya cika gidan, an baza wadda aka sauke a kan tabarmi tana shan rana. Na gaishe su, na ɗauki ƙwarya na shiga aikin. Sai da na daɗe ina juya maganar a baki, sannan na fuskanci Baba, don ta nan ne kawai hanya.

"Baba, an ba mu aiki a makaranta. An ce kowa ya tambayi uwa tai abin da take so gare shi."

Baba ta dubi Inna ta ƙyalƙyale. "To, kin jiya. Nasara na son jin cikinki."

Inna ba ta ɗago ba. Ta ƙara ice a murhu ta ce, "Makaranta ta rasa abin tambaya."

Shi ke nan. Asabar ta wuce ba ta sake tayar da zancen ba. Na yi fushi, fushi na gaske. Na ƙi cin tuwon dare, na zauna bakin rijiya ina maimaita jadawalin Faransancin, que je sois, que tu sois, da ƙarfi don ta ji ina da abin yi. Amma ba makin malama ne ya dame ni ba. So nake, ko sau ɗaya a duniya, in ji cewa matar nan tana tunanina.

Ranar Lahadi da hantsi na haɗa kayana. Inna ta durƙusa a bakin zaure tana ɗaure mini buhun shinkafa da za a kai wa Goggo, Baba na riƙe mata bakin buhun. Ta juya mini baya, tana jan igiya, sai na ji tana magana da Baba kamar zancen farashin albasa.

"In kin ga mai karatun nan, ki ce mata ta riƙa cin abinci. Ƙashin wuya duk ya hito. Ki ce ta rage zahin rai, ba ta gado shi ba wurina."

Baba ta ce, "Shi ke nan?"

Inna ta ƙulle igiyar, ta sake ƙullewa, alhali ta ɗauru.

"In Allah ya ba ta ɗa nata, ta riƙe abinta. Kowa za ya ce mi, ya ce."

Ta miƙe ta shige cikin gida ba ta waiwayo ba. Ban san lokacin da na iso tasha ba. Ina kuka a mota har wata tsohuwa ta tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ranar Talata na tashi a aji na faɗi na abinci da na zafin rai, kuma kowane aikatau ya fito da rigarsa daidai. Malama ta ce da kyau, ta tambaya ko akwai saura. Na ce akwai, amma ba na aji ba ne.

Shekaru suka wuce, na yi aure. Bara na yaye 'yata ta fari. Dangin mijina suka taru, aka fara maganar wadda za ta ɗauke ta, kamar yadda aka saba. Na ce ba inda za ta. Ɗaki ya ɗauki surutu, wata ta ce boko ne ya cire mini kunya. Inna tana gefe a kan tabarma, ta zo daga Argungu tun safe. Ta gyara mayafinta, idonta a ƙasa.

"A bar mata," in ji ta.