Baba Abdussamadu, Mai Tsaron Bayan 'Yan Dako

Kafin motocin shinkafa su iso daga fadamar Ambursa, Baba Abdussamadu ya riga ya kafa kujerarsa a ƙofar sito. Ba ya taɓa buhu, tun da wani buhun shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ya lalata masa baya yana saurayi. Aikinsa kallo ne da tsawa: "Kai, durƙusa! Ƙahwa ka ɗaukar kaya, ba baya ba. Jawo shi jikinka, kak ka murɗa ƙugu!" Haka ya kwashe shekaru yana horar da 'yan dako a wani kamfanin casar shinkafa na Birnin Kebbi, har makon jiya da ya ajiye aiki.

Wanda ya zauna da 'yan dako ya san kunya ta fi nauyin kaya yi musu ɓarna. A wurinsu rago ne ke cewa a kama masa, kirari kuwa na wanda ya sunkuci buhu shi kaɗai ne. Tamba, tsohon ɗan kokawa daga Argungu, shi ne gwanin wannan wauta. Ya fara cije leɓe in zai miƙe, kullum matarsa na gasa masa baya da ruwan zafi. Wannan bayan nasa kuwa shi ke ciyar da gidan.

Baba bai yi masa wa'azi ba, ya san ba zai ji ba. Sai ya ja shi gefe: "Tamba, ka ga Dikko bai da ƙarhinka. Don Allah riƙa kama mai, amma kak ka hwaɗi ni nic ce." Ya zagaya ya gaya wa Dikko irin wannan magana a kan Tamba. Ƙattin nan biyu suka yi ta ɗaukar buhu tare har kaka ta wuce, kowa yana tausayin ɗan uwansa. Ranar da asiri ya tonu an sha dariya, amma Tamba ya riga ya ji daɗin kwana ba ciwo. Da kunnena na ji shi a gaban jama'a yana kira, "Dikko, taho kama man!"

Kai ne, Baba, ka mai da wannan kalma abin faɗa ba tare da sunkuyar da kai ba. Garkuwar masu ɗauka! Ciwon da ka sha ka hana shi isa ga 'ya'yan wasu.

Ranar sallamar Baba, Tamba ya zo da autarsa a wuya, tana riƙe da kunnuwansa. Baba ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce a hankali, "Ni ban taɓa ɗaukar nawa hakanga ba." Ban ɓoye hawayena ba.

Mun gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Ku kuma manyan sito da kasuwanni, ku tsaya kan yaranku yadda ya tsaya. Kowane ɗan dako yana da mai jiran ya koma gida ya ɗauke shi.