Yayana Sheƙi da Alƙalamin Baba

Yayana mai fentin mota ne, a gareji Sheƙi ake ce masa. Tun muna yara ba ya iya ganin tsohon abu ya bar shi da tsufansa. Ya taɓa kankare tukunyar Inna har ta huje, kuma har yau yana cewa tukunyar ce ba ta da ƙwari.

Baba akawun sito ne, da ya rasu bai bar wani abin kirki ba sai alƙalaminsa mai shan tawada, baƙi, bakinsa ruwan zinariya. An zana sunansa a jiki, murfin kuma duk shaidar haƙoransa ce, don in lissafi ya ƙi sai ya yi ta taunarsa. Ni wannan nake so, na kuma faɗa a gaban kowa. Amma Yaya ya ce shi ne babba, ya zura shi a aljihu, wai sai an san darajarsa tukuna.

Ya kai wa mai gyaran agogon bakin titinsu. Mutumin ya duba ya ce akwai ƙananan rubutu a gindin alƙalamin, tambarin kamfani da lamba, kuma da su ake gane asalinsa. Ya kwatanta masa wani dillalin tsofaffin kaya, ya ja masa kunne kada ya taɓa komai kafin ya kai.

Ina! Ai gaya wa Yaya kada ya goge abu ɓata yawu ne. A sana'arsu ba a kai mota kasuwa da ƙwarzane, shi ke nan iyakar iliminsa. Ya ɗaure alƙalamin a kan bencin gareji, tsakanin gwangwanayen fenti, ya bi shi da samfefa, takardar nan mai kaushi da suke kankare fenti da ita. Sunan Baba ya tafi, wai mai saye ba zai so sunan wani ba. Wurin haƙoran ya cike shi da abin da suke cike lotsewar mota. Bakin da ya ɗan karkace saboda shekarun rubutu ya miƙe shi da filaya. Sannan ya fesa masa man ƙyalli, ya shanya a rana.

Tare muka je wurin dillalin, don na ce ƙafata ƙafarsa. Shago ne ƙarami mai warin tsohuwar takarda. Dillalin ya sa gilashi a ido, ya juya alƙalamin, ya sake juyawa, ya nemi tambari bai gani ba. Yaya kuwa sai washe baki yake, yana jiran yabo.

"Wa ya yi masa wannan aikin?"

"Ni ne, da hannuna."

"To, ka goge duk abin da zan karanta. Ko na sarakuna ne, yanzu ba mai iya shaida."

Garin gyaran gira an rasa ido. Baƙin ciki ya cika ni har muka fito titi, kuma ba na kuɗin ba ne. A nan Yaya ya miƙo mini alƙalamin, wai tunda dama ni ke so. Na karɓa, santsi kamar sabulu, na rasa ta inda zan ce na Baba ne. Na mayar masa.

Ya tsaya yana kallona, ransa a ɓace da gaske. "Ke dai ba ki da godiya," in ji shi. "Ko ranar da Baba ya saye shi bai yi wannan kyan ba."