Kibiyar da Take Yawo Ba Hannu

Da, shara nake yi a wani asibitin kuɗi a Garwa ta Kamaru, ina goyon 'yata Aisha. Aji uku na yi a makaranta, amma ido gare ni.

Akwai wani ɗaki mai sanyi inda manyan kwamfutoci suke, masu riƙe da bayanan marasa lafiya duka. Ina goge-goge sai in ga 'yar kibiya tana yawo a allo, rubutu yana fita, kujera kuwa ba kowa. Ran farko da gudu na fito ina salati. Aka yi ta yi min dariya, wai injiniya ne yake sarrafa su daga Duwala. Lambar sirrin shigarsa a manne take ƙarƙashin tebur, kullum ina ganinta.

'Yar sata kuwa, da sabulu na fara, sai safar hannu. Ba wanda ya lura, tsoro ya fita daga raina.

Ranar da zazzaɓi ya kama Aisha, na shimfiɗe ta a ɗakin saboda sanyin. Madam, shugabar wurin, ta gani. A gaban jama'a ta ce, "Kwashe tsummanki ki fita, nan ba gidan ubanki ba ne."

Tsumma. 'Yata.

Ta kore ni daga aiki. Kafin in miƙa makulli na zana lambar a tafin hannuna, harafi-harafi, kamar lalle. Na kai wa Hamma Bakari mai shagon intanet a unguwar Pumpumre.

Ya ce, "Ƙanwata, kin san abin da kika riƙe kuwa?"

Na ce, "Na sani, Hamma. Shafe mata komai."

Ina tsaye ya shiga kwamfutocin asibitin daga shagonsa, kibiyar tana bin hannunsa. Kwana uku ina murna. A na huɗu na ji wata tsohuwar unguwarmu ta dawo daga asibitin ba magani, an rasa bayananta. A na biyar jandarmomi, jami'an tsaro, suka zo. Ashe na'urar tana rubuta inda aka shigo mata. Mari ɗaya Bakari ya sha ya ambaci sunana.

Shekara biyu na yi a kurkuku. Mahaifiyata ce ta yaye Aisha.

Na fito, na tuba. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, har yau in na tuna Madam ƙirjina zafi yake. Ita tana nan a ofishinta, an dawo mata da komai cikin mako guda.

'Yan'uwana mata, in an ci mutuncinku, ku dubi goyonku kafin ku rama. Da safen nan na miƙa wa Aisha kunu, ta ɓuya bayan kakarta, ta ce, "Dada, ki ce wa matar nan ta tafi gidansu."