Sallamar da ban amsa ba

Ranar sadakar ukun yayana, mu kusan goma muna zaune a falona a East Greensboro, nan ƙasar waje, sai abokina ya shigo rungume da kular masa. Kirista ne, mutumin Filato, shekara goma sha ɗaya muna ɗaure kwali a sito ɗaya. Shi ya kai yayan nawa asibiti sau huɗu, don ni tuƙina ko jikokina ba sa yarda da shi.

Ya tsaya bakin ƙofa ya ce, “Salamu alaikum.”

Ɗakin ya yi tsit. Wani Alhaji mai sayar da motoci, wanda bai taɓa leƙa marar lafiyar ba, ya ɗaga kai ya ce, “Hello.” Sauran suka hau kallon tasbi. Ni fa? Ni da aka sani da baki, aka kore ni daga aji uku saboda surutu, na buɗe bakin nan na rufe. Tsoron me? Kada a ce tsoho ya yi sakaci da addini. Abokina ya ajiye kular, ya yi mana gaisuwa, ya fita. Masar kuwa tas suka cinye, Alhajin nan har da neman ƙarin yaji.

Kwana shida ina cin kaina. Ran na bakwai na sa 'yata ta kai ni gidansa a McLeansville. Ya buɗe ƙofa, ya dube ni sama da ƙasa.

“Alheri da salama,” in ji shi.

“Wannan kuma ta ina ce?”

“Tamu ce. Tunda taku tsada gare ta.”

Na ce ya fassara wa jahili. Ya ce masu bi na farko a addininsu kashi biyu ne, wasu sun saba gaisuwa da fatan alheri, wasu da salama, kuma ba sa ko cin abinci tare. Sai manyansu suka haɗa biyun a farkon kowace wasiƙa, don kada a bar kowa tsaye a ƙofa.

“Alherin kuma,” ya ce, “abin da aka ba ka ne ba don ka cancanta ba.”

“Wato da ni kake.”

“Da wa nake, tsohon banza? Shigo, sauro na shiga.”

Na shiga, na sha shayi, na ba da haƙuri har sau uku. Ya ce ya yafe, na kuma yarda ya yafe. Amma da na ce ya zo sadakar arba'in, sai ya girgiza kai.

“Alhajin bai dame ni ba, Malam. Bai san ni ba. Kai na kalla.”

Bai zo ba. Har yau bai sake taka gidana ba, ni ke zuwa. Alhajin kuwa kowace Juma'a sai ya miƙo mini hannu da sallamarsa har da wabarakatuhu, ni kuma ina amsa masa cikakkiya, ina jin haushin bakina.