Gwadabe Ɗan Dabo da Kyamarar Kan Soro

Na dawo Kano daga karatu a ƙasar waje shekara biyu bayan sojoji sun koma bariki, ina ganin duk mamakin da ake nunawa a talabijin na haya ne. In ka ga mutum ya riƙe baki a gaban ɗan dabo, to an ce masa ya riƙe ne. Da na faɗi haka a wani zaure a Sheshe, sai aka ce in je in sami Gwadabe, amma in shirya shan faɗa.

A Sheshe aka haifi Gwadabe, ɗan baduku ne. Dabo kuwa a wurin wani Babarbare ya koya, baƙon da ya yi damina biyu a zaurensu. Shekara talatin yana mai da goro ƙwai, yana zaro zare kamu ashirin daga bakinsa, yana fito da ɗan tsako mai rai daga hular dattijo. Bai taɓa cewa yana da aljanu ba. In an tambaye shi, cewa yake saurin hannu ne da rashin kular mutane, shi ya sa ko malamai ba sa korarsa.

Abincinsa yana ƙofar gidajen suna da biki. Yana kuma da ƙa'ida ɗaya wadda ta sa ake kiransa a bar wasu. Ya san matan gida suna leƙe ta saman katanga da tsagar ƙyaure, don haka yakan karkata hannunsa yadda su ma za su gani, amma ba ya taɓa ɗaga ido wajen. Masu gida sun san haka, su ma sai su yi kamar ba su san ana leƙen ba.

Watanni kaɗan da rantsar da gwamnatin farar hula, wani saurayi mai suna Abdulhakeem ya zo nemansa. Ƙaramin kamfani gare shi, yana shirya wa wani gidan talabijin shirin mako-mako, yana so a ɗauki Gwadabe yana dabo a titi, a nuna fuskokin 'yan kallo.

Aka fara a Ƙofar Ɗan Agundi. Da mutane suka ga kyamara, sai kowa ya tuna da ɗakin mai hoto. Wani ya karya hula, wani ya ruga gida ya canja riga, wani mai kayan miya ya ɗora hannu a ƙirji ya ƙame. Gwadabe ya fito da ɗan tsako daga hular wani, mai hular bai ko kalli tsakon ba, kyamarar yake kallo, yana gyara wuyan riga. Sau huɗu ana yi, ko tari babu wanda ya yi.

"Baba, mu nemo mutum goma mu koya musu ihu," in ji Abdulhakeem. "Haka ake yi ko'ina."

"Ka koya wa wa? A gabana?" Gwadabe ya cusa tsakon a aljihu. "Ni da na sa alƙali ya yar da carbi don mamaki, ni za a yi wa hayar baki? In 'yan wasan kwaikwayo kake so, ga hanya nan. Ka je ka ɗauki masu ihun, ka bar ni da tsakona."

Bayan kwana uku Abdulhakeem ya dawo da wata dabara: a ɓoye kyamarar a kan soro. Ya dace kuwa za a yi suna a Soron Ɗinki, gidan Malam Yusuf, malamin allo, an haifa masa jika, kuma an riga an gayyaci Gwadabe. Maƙwabcin malamin, Alhaji Kyari, yana da dogon soro mai kallon ƙofar gidan. Gwadabe da kansa ya je ya roƙe shi.

"Don kai ne," Alhaji Kyari ya ce. "Amma ka san abin da ake yi."

Kowa a cikin birni ya sani. Namiji ba ya hawa soro, ko magini ne zai yi yaɓe, sai an tsaya a lungu an ɗaga murya sau uku: masu gida, za a hau sama, a kimtsa. Don daga can ana hango tsakar gidajen maƙwabta.

Ranar suna da hantsi, a gindin matakala, Gwadabe zai fita lungu ya yi kiran, sai Abdulhakeem ya riƙe hannun rigarsa.

"Baba, in ka yi kiran nan, mun koma gidan jiya. Kafin ka rufe baki duk unguwa ta sa babbar riga. Titi kawai zai ɗauka, na rantse."

Gwadabe ya dubi lungun, ya dubi matakalar. Mai kyamara ya haye. Ba a yi kira ba.

Wasan ranar ya yi kyau irin wanda ba a cika samu ba. Gwadabe ya ari hular Malam Yusuf kansa, ya nuna wa jama'a cikinta fayau, ya kife ta, ya buɗe, ɗan tsako ya faɗo yana ciyak. Maza suka ruɗe. A bayan katanga kuma aka ji wata dariya ta ɓarke, aka ji wani abu ya faɗi tim.

Ranar Lahadi bayan la'asar aka nuna shirin. Kyamarar ba ta tsaya a titi ba. Ga Malama Safiya, uwargidan Malam Yusuf, matar da ke koya wa matan aure karatu, wadda ko mazan lungun ba su san kamanninta ba, tsaye a kan turmi tana leƙe, ɗankwali ya zame, furfura a waje. Tsakon yana faɗowa ta ɗaga hannu biyu, baki buɗe, ta ƙyalƙyale da dariya har turmin ya gangare da ita.

Washegari Gwadabe ya dira a ofishin Abdulhakeem ko sallama bai yi ba.

"Titi ka ce! Tsakar gidan malam titi ce?"

"Baba, zauna mana. Ka san mutum nawa suka bugo waya? Ba a taɓa samun irin wannan ba. Babu ƙarya ko ɗigo a fuskar nan."

"Fuskar uwar wa? In taka ce, za ka sa?"

"Ai ba tsirara take ba. Kuma yanzu mulkin farar hula ake, an daina zuwa a ce cire wannan, bar wancan."

"Sojan ma da ka raina bai hau soron mutane ba. Ka cire."

Bai cire ba. Ƙari ma ya yi: ya yanko wurin ya mai da shi mabuɗin shiri, duk Lahadi Malama Safiya sai ta faɗo daga turmi kafin a nuna sunan shirin. Gwadabe ya koma sau biyar. A na ƙarshe ya ɗaga kujera zai rotsa akwatin talabijin na ofis, aka fitar da shi ta ƙarfi.

Malam Yusuf bai kai ƙara ko'ina ba, bai kuma zagi Gwadabe ba. Gwadabe ya je ya durƙusa a zaurensa, malamin ya amsa sallama, ya ce, "Allah ya yafe mana," ya mai da ido kan allo. Malama Safiya ta rufe makarantarta, don ɗalibanta sun kasa haɗa ido da ita ba su sunkuyar da kai ba. Daga ranar babu gidan da ya sake kiran Gwadabe suna ko biki, daga Sheshe har Soron Ɗinki. Ba wanda ya hana shi wasa. In ya tsaya a ƙofar gida dai, sai a ji ana jan ƙyaure.

A rumfar dukancin mahaifinsa na same shi yana ɗinkin kube. Ya fi awa yana zagin Abdulhakeem da kyamara da wanda ya ƙirƙiro talabijin, har ya soki yatsansa da basilla bai kula ba. Da ya lafa na ce, "Malam Gwadabe, rigarka kawai ya riƙe, ba bakinka ba. Me ya hana ka yin kiran?"

Ya daɗe yana tsotsar yatsan.

"Na san ba titi kawai zai ɗauka ba," ya ce. "Shekara talatin ina jin dariyarsu ta bayan katanga. So nake in ga dariyar nan da idona sau ɗaya."