Amyar Da Malam Kallamu Ya Bayar

Kullum da an sallame asuba, Malam Kallamu yakan hau okada daga unguwar Fegge ta Onitsha zuwa gonakin bakin ruwa, inda mutanenmu ke noman kuɓewa da kabewa don Kasuwar Relief. Shekara ashirin da shida ke nan yana kiwon ƙudan zuma a can. Gaban kowace amya akwai farin ƙyalle, kafin ya gaisa da kowa sai ya tsuguna ya ƙirga gawar ƙudan da suka faɗo a kai. Mutumin nan akwai zargi. Ko ruwa ka ba shi sai ya sansana, mun sha yi masa dariya a kan haka.

Shekara uku da suka wuce tsutsa ta addabi kuɓewa, sai wani dillali mai suna Sharfuddeen ya zo da gari a leda. Ya ce ba guba ba ce, wasu ƙwayoyi ne masu rai da ke cin tsutsa, har ya ƙara da "e no be poison" don maƙwabta da ba sa jin Hausa su ji. Manoma suka yi murna. A ganinsu tunda ba guba ba ce, ko da hantsi ma a fesa, lokacin da fure ke buɗe ƙudan zuma suna ciki.

Malam Kallamu ya juya ledar gaba da baya, ya ce, "Abin da ke cin ƙwaro, wa ya gaya masa wane ƙwaro ne namu?"

Aka ce baƙin ciki yake yi. Ya'u shugaban manoma ya ce gobe za a fesa ko'ina, in bai so ya kwashe amyoyinsa arba'in. Ina zai kai su a Onitsha? Ya roƙi kwana goma, a fesa fili ɗaya tak, ya ɗauko amya guda ya girke a tsakiya.

Ranar takwas ya shiga taron manoma da faranti a rufe. Da ya buɗe, sai ga shi cike da gawar ƙudan amyar nan. Bai ce maganin banza ne ba, don tsutsa kam ta mutu. Bai ma ce ya san ko garin ne ko abin da ake dama shi da shi ba. Abin da ya nema kawai a bar feshi sai bayan la'asar sakaliya, fure ya rufe, ƙudan sun koma gida. Haka ake yi har yau, amyoyi talatin da tara suna nan, kuɓewa tana yin 'ya'ya.

Malam, kai ne mai ƙirga abin da muke takawa mu wuce. Yau da gwiwa ta hana ka tsugunno ka miƙa wa 'yarka Barira aikin, muna neman afuwa, muna godiya, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa kuma, in an kawo muku sabon abu, ku tambaya, ku gwada, ko da za a kira ku masu taurin kai.

Barira ce ta gaya mana daga baya cewa amyar da ya bayar ita ce mafi ƙarfi a cikinsu, wadda ya fi so. Da ta yi masa ƙorafi, sai ya ce, "Da mai rauni na ba su, cewa za su yi da ma mutuwa za ta yi."